Sunan da Ke Gefen Minda

Idan ka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Sloane Square da ke Landan, ka miƙe kudu wajen kogin Thames, ba ka yin nisa za ka fara cin karo da wasu tsofaffi masu tafiyar soja, ko da kuwa da sanda suke dogarawa. Ranar biki dogayen jajayen kwat suke sakawa, sauran ranaku shuɗi mai duhu. Su ne 'yan fanshon Chelsea, mazauna wani ƙaton gida na jan bulo da Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1682 domin sojojin da tsufa ko rauni ya kayar. Gidan tarihin sojan ƙasa na Birtaniya yana maƙwabtaka da su, shiga kuma kyauta ce. Nan muka fara, ni da wani abokina Alhaji, haifaffen zangon Kumasi, wanda ya daɗe yana tuƙin bas a Landan har ya yi ritaya. Shi ya ja ni wannan yawo, saboda wata magana da ya taso yana ji a gidansu: wai kakan mahaifinsa sojan Turawa ne, kuma an ba shi minda.

Yawancin masu shiga gidan tarihin wajen ƙwarangwal ɗin Marengo suke yin cincirindo, dokin Napoleon da Ingilishi suka kama bayan yaƙin Waterloo. Mu muka wuce wajen akwatunan gilashi inda aka jera lambobin yaƙi. Daga Waterloo ɗin ma labarin ya faro. Kafin 18 ga Yunin 1815, in an ci yaƙi manyan hafsoshi ake yi wa lambar zinariya, farabiti kuwa sai dai ya koma bariki da tabonsa. Bayan Waterloo aka buga minda ta azurfa iri ɗaya ga kowa, daga janar har mai kaɗa ganga, kusan guda dubu 39, kuma aka danna sunan kowane mutum da na rundunarsa a gefen tasa da inji. Wannan ɗan rubutun na gefe, wanda sai ka karkata mindar za ka gan shi, shi ya haifar da sana'ar da na zo kallo.

Waɗanda suka sha wuyar yaƙin Sifen da Fotugal shekara da shekaru kafin Waterloo suka ga an yi musu rashin adalci, suka yi ta ƙorafi. Wellington, babban kwamandansu, da kansa bai goyi bayansu ba. Sai a 1847 aka amince a ba su tasu, ta yaƙe-yaƙen 1793 zuwa 1814, da sharaɗin mutum yana raye kuma ya nema da kansa. Kimanin dubu 25 ne suka samu. Abin dariyar, kan Sarauniya Biktoriya ne a jikin mindar, ita da ba a haife ta ba sai 1819, shekara biyar bayan an gama yaƙin. Alhaji ya daɗe yana kallon ta, ya ce, "Malam, ashe jiran fansho ba a kanmu aka fara ba."

Ranar Lahadi muka je kasuwarsu. Wani zaure ne kusa da Marble Arch, an jera tebura an shimfiɗa musu koren kyalle, kowane dillali da tirensa masu murfin gilashi. Kusan duk maza ne, kusan duk sun yi furfura, kuma ba hayaniya. Manyan kaya ba nan suke zuwa ba, gidajen gwanjo ake kai su, irin su Spink da ke Bloomsbury da Noonans da ke Mayfair. Nan wurin masu ƙaramin ƙarfi ne da masu dogon buri, waɗanda ke fatan wata rana su tsinci abin da idon dillali ya tsallake.

Wani dattijo mai rigar sanyi da ta ci gwiwar hannu ya ga mun tsaya muna zare ido, ya yafito mu. Tsohon malamin makaranta ne, ya ce tun yana saurayi yake wannan harka. Ya ɗauko wata minda ta yaƙin Masar na 1882, mai hoton gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, ya ɗora mini a tafin hannu. Faɗinta bai wuce milimita 36 ba, amma da nauyi. Fuskar sarauniyar duk ta yi ƙananan ramuka. Na ɗauka lalacewa ce. Ya ce a'a, shaida ce. Sarkin Masar na lokacin ya ba duk wanda ya yi wannan yaƙi wata tauraruwa ta tagulla mai tsini biyar, sojoji kuma suna rataya su gefe da gefe. Duk takun da mutum ya yi a fareti, tsinin tagulla ya saran azurfa. Mindar da ta yi ramuka, mai ita ya daɗe a soja yana saka ta. Wadda ta fito sumul kuwa, wataƙila ya bar aiki da wuri, wataƙila kuma uwarsa aka aika wa ita a ambulan.

Sai ya juya ta ya sa mini gilashin ƙara girma a gefe. Yadda yake bin bakin mindar da babban yatsa, sai ka ce Bafulatani yana duba haƙoran saniya a kara. Kowane yaƙi da irin rubutunsa: wani an danna da inji, wani an sassaƙa da hannu da karkatattun baƙaƙe. Wanda ya san harka yana gani zai ce wannan rubutun bai dace da wannan runduna ba. Macuta sukan kankare sunan wanda ba a sani ba su rubuta na wanda ya yi suna, amma kankara tana rage kaurin azurfa, don haka kowane dillali yana da ɗan ma'aunin ƙarfe a aljihu. Na yaƙin Kirimiya, 1854 zuwa 1856, su suka fi ba su ciwon kai, don yawancinsu ba suna aka raba su, daga baya wani ya mayar aka danna masa, wani ya kai wa maƙerin gari. A kan ƙyallen da ake rataya minda ana jera wasu 'yan sandunan azurfa, kowace da sunan fagen da mutum ya halarta: Alma, Balaklava, Inkermann, Sebastopol. Su ma ana sato su daga wata a ɗaura wa wata.

Na tambaye shi me ke sa wata ta fi wata tsada, tunda azurfar ɗaya ce. Bai ɓoye ba. Ya ce jini. Mindar yaƙin Zulu ta 1879 ta sojan da ya zauna gadin kaya a baya, kuɗinta daidai misali. In kuwa sunan na cikin mutanen runduna ta 24 da Zulu suka shafe a Isandlwana ranar 22 ga Janairu, to sai gidan gwanjo. Haka wanda aka tabbatar yana cikin mahayan da suka afka wa igwogin Rasha a Balaklava ranar 25 ga Oktoban 1854. Ya faɗi haka ba tare da jin kunya ba, ni ma ban ga abin da zan zarge shi da shi ba sosai. Mutumin da ya kwashe hutunsa na shekara yana bin sawun wani ɗan leburan Ayalan da ya mutu ba wanda ya sani, har ya gano ƙauyensu da sunan uwarsa, ya yi wa mamacin abin da gwamnatin da ta aika shi ba ta yi masa ba. Sai dai kasuwa kasuwa ce, kuma a wannan kasuwar gawa ta fi mai rai daraja.

Alhaji bai zo jin labarin Kirimiya ba. Ya ce wa dattijon, "Ina na Afirka ta Yamma?" Aka nuna mana wani teburi a ƙurya.

A nan na fara ganin ƙyallen rawaya mai baƙin gefe da siraran baƙaƙen layuka biyu. Mindar yaƙin Ashanti ce ta 1873 zuwa 1874. Bayanta ba irin na sauran ba ne, babu mala'ika mai fukafukai, babu zaki. Wani mai zane, Edward Poynter, ya yi hoton artabu a cikin kurmi: bishiya a tsakiya, Turawa da bindigogi a gefe guda, Ashanti a ɗaya gefen, wasu sun faɗi. Sandar da ke kanta an rubuta "Coomassie". Alhaji ya karanta, ya yi tsaki, ya sake karantawa. Garinsu ne, garin da Janar Garnet Wolseley ya shiga ranar 4 ga Fabrairun 1874, bayan gwabzawar Amoaful ta 31 ga Janairu, ya cinna masa wuta, ya rushe fadar Sarki Kofi Karikari ya juya bakin teku kafin damina ta rutsa shi.

Littattafan Ingila sun fi ambaton 'yan Sikotlan na runduna ta 42 a wannan yaƙi. Amma igwogin da suka buɗe musu hanya a Amoaful, Hausawa ne ke harba su, ƙarƙashin wani Kyaftin Rait. Wata runduna kuma ta biyo ta gabas, ta wajen kogin Volta, ƙarƙashin John Hawley Glover, ta iso Kumasi kwanaki kaɗan bayan an ƙone ta. Wannan Glover hafsan jiragen ruwa ne da ya san Kwara tun 1857, lokacin da jirginsu Dayspring ya fashe a duwatsun Jabba. A 1863, yana Ikko, ya tara wasu 'yan Arewa, akasarinsu bayi da suka gudo daga iyayengijinsu na ƙasar Yarbawa, ya ba su bindiga da albashi. Daga wannan 'yar ƙungiya sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa har gobe. Ba dukansu ne Hausawan haihuwa ba. Akwai Barebari, akwai Nufawa, akwai Gurunsawa da sauran mutanen da fatauci ko bauta ta watsa, Hausa ce dai harshen bariki. Bawan da ya tsere, ba gona, ba dangi, in aka ce ga kaki ga abinci ga wanda zai hana a sake kama shi, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Wannan zane na Poynter da wannan ƙyalle aka ci gaba da amfani da su a mindar Gabas da Yammacin Afirka, daga 1887 zuwa 1900, sanda kawai ake canzawa. In ka bi sandunan a jere, tarihin cin ƙasarmu ne kake karantawa. "1892" ta haɗa da yaƙin Ijebu. "Benin 1897" ta waɗanda suka kwashe tagullar fadar Oba. "Niger 1897" ta yaƙin Bida da Ilori ce, lokacin da George Goldie na kamfanin Royal Niger ya taso daga Lakwaja da baƙaƙen sojoji ɗari biyar da 'yan kai, Turawa wajen talatin, da bindigogin Maxim, ya karya dawakin Etsu Abubakar a ƙarshen Janairu, ya juya ya ci Ilori a Fabrairu. Dillalin yana da guda biyu na baƙaƙen sojoji. Na sa gilashi. Lambar aiki, muƙami a taƙaice, sunan yanka yadda kunnen akawun Bature ya ji shi, sannan sunan gari a matsayin sunan uba, sannan rundunar. Haka ake rubuta su: Audu ko Garba ko Mamman, a biyo da Kano ko Katsina ko Zariya. A bataliya ɗaya sai a sami masu suna iri ɗaya bila adadin, lambar ce kawai ke raba su.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta kamfanin kansa, wadda aka raba a 1899 domin yaƙe-yaƙen 1886 zuwa 1897, gidan Spink ne ma ya buga ta. Iri biyu ce. Ta Turawa azurfa, da sunan mai ita a gefe. Ta baƙaƙe tagulla, a gefenta ba suna, lamba kawai. Kamfanin da ya san nauyin kowace gangar manja da ya loda a Akassa bai ga dalilin ɓata baƙaƙe a kan mutanen da suka ci masa Nufe ba. Tauraruwar Ashanti ta 1896 ita ba ta nuna bambanci ba, kowa haka aka ba shi ba suna. A wannan tafiyar aka kama Sarki Prempeh ba tare da an yi harbi ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kashe Yarima Henry na Battenberg, surukin sarauniya. A bayan tauraruwar an rubuta cewa daga sarauniya take.

Dattijon ya ce in da gaske muke, mu tafi Kew, don minda ƙofa ce kawai, ɗakin yana can.

Kew tana kudu maso yammacin Landan, layin District ke kai mutum. Daga tasha sai ka ratsa wata unguwa mai shiru, gidaje da 'yan lambuna, har ka ɓullo gaban wani ƙaton gini na kankare da tafki a gabansa, agwagwa suna iyo. Nan ne ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya. Kowa na iya shiga ya karanta, ko daga ina ya fito, muddin ya nuna shaidar ko shi wane ne aka yi masa kati. Jaka da kwat a kabad ake barin su. Biro haramun ne, fensir kawai, kayanka kuma a leda mai nuna ciki. Ka nemi takarda ta kwamfuta, ka sha shayi, kafin awa ɗaya ta iso wani akwati mai lambar kujerarka. Na ga fayilolin mulkin mallaka a wasu wurare da gara da ɗigon rufi suka gama da su, don haka da na ga ma'aikaciya ta kawo wa Alhaji matashin soso don kada bayan littafi ya karye, sai na rasa abin cewa.

Masu tara minda jeri biyu suke fara nema. Na farko WO 100, rajistar rabon lambobi: runduna runduna, suna suna, da alamar wace sanda kowa ya cancanta. Da ita ake kama mindar da aka yi wa ƙari. Na biyu WO 97, takardun sallamar sojojin da suka kai ga fanshon Chelsea, daga 1760 zuwa 1913, yanzu a kwamfuta ake duba hotunansu. Su ne daɗin harkar. Takarda ɗaya za ta gaya maka garin da aka haifi mutum, shekarunsa ranar da ya shiga, sana'arsa kafin nan, tsawonsa, launin idonsa da gashinsa, tabo ko zanen da ke jikinsa, sau nawa aka kulle shi saboda maye, shekara nawa ya yi a Indiya, ciwon da ya sa aka sallame shi, da inda ya ce zai koma da zama. Da yawa sun sa hannu da alamar kuros, don ba su iya rubutu ba. Leburori ne da masaƙa da yaran gona da yunwa ta koro, ana biyan su sule ɗaya a rana, a cire na abinci. Wanda ya mutu a bakin aiki kuwa galibi ba a ajiye takardarsa ba, tunda ba fanshon da za a biya. Wato wanda mindarsa ta fi tsada a kasuwa shi ne wanda gwamnati ta fi saurin yar da fayil ɗinsa.

Sojan Hausa ba ya cikin wannan jeri na biyu, don ba sojan Ofishin Yaƙi ba ne, na Ofishin Mulkin Mallaka ne. Sai ka bi ta wasiƙun gwamnoni: CO 147 na Ikko, CO 96 na Gwalkwas, CO 445 na rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa a 1897. Manyan littattafai ne masu ɗaurin fata, wasiƙu da rubutun hannu, da sharhin akawunan Landan a gefe. Hausawa suna ko'ina a ciki, amma a dunƙule: an aika Hausa hamsin wuri kaza, ana neman kuɗin ɗaukar ƙarin ɗari, sun yi bore saboda albashi ya makara. Mutum ɗaya ba ya fitowa da sunansa sai ya yi wata bajinta da aka nemar masa lada, ko ya yi laifin da aka yanke masa hukunci. Wanda ya yi aikinsa shiru ya karɓi mindarsa ya koma zango ya buɗe shago, sai layi ɗaya a rajista.

Muka wuni muna juya shafukan 1900, shekarar da Yaa Asantewaa ta jagoranci Ashanti suka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a ganuwar Kumasi saboda ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ya zauna. Hausawa ne suka tsare ganuwar cikin yunwa har Kanar Willcocks ya iso a watan Yuli. Alhaji ya san ginin ciki da bai, gidan tarihin sojan Gana ne yanzu, yana yaro ya sha wucewa ta gabansa. Ya sami sunaye masu kama da wanda yake nema, har guda nawa, kowanne da lambarsa. Ya cire tabarau ya goge ido ya ce, "Malam, duk kakannina ne, ko kuma ba ko ɗaya."

A jirgin komawa muka yi gardama. Na ce masa ni wannan gado bai kwanta mini ba. Irin waɗannan sojoji ne, shekara uku bayan Kumasi, suka fasa ganuwar Kano, suka shiga Sakkwato, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, aka kuma ba su wata mindar da sanda mai cewa "N. Nigeria 1903". Mutanen Bida da na Burmi da suka faɗi ba wanda ya rubuta tsawonsu ko garinsu, ba su da ko lambar. Alhaji bai musa ba. Ya ce amma in tuna wanda aka kama yana yaro a wani ƙauyen Gurunsi aka sayar da shi a kasuwar Salaga, ba sarkin da ya taɓa tambayar sunansa shi ma. "Kai jikan malamai ne, Malam, kuna da littattafanku da silsilarku. Mu 'yan zango daga wannan lambar tarihinmu ya fara." Ban ba shi amsa ba, don mun iso Earl's Court inda zai canza jirgi.

Da dare ya kira ni. Ya buga wa yayansa waya a Kumasi, dattijo mai shekara tamanin da wani abu, ya ce a duba tsohuwar adakar gidan, in an ga mindar a karanto masa lambar da ke gefe, da ita za a gane wane ne nasu a cikin rajistar. Yayan ya yi dariya har da tari. Ya ce ai ya san ta sarai, fara ce mai kan wata mata, da ita suke wasa suna yara. Shekarar da za a yi bikin babbar yayarsu kuɗi suka yanke, Baba ya kai wa maƙerin farfaru, aka narka ta aka yi wa amarya zobe biyu da 'yan kunne.